Yadda Hausawa Suka Ƙagi Baƙin Halittu

Ƙofar Kwaya ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Katsina. A zamanin dā, in almuru ta yi aka rufe ƙofofi, abin da ke bayan ganuwa sai ya zama wata duniya dabam. A lokacin nan ne tsofaffin mata na unguwa kan tara jikoki su yi musu tatsuniya, su cika dajin nan da halittun da ba wanda ya taɓa gani. Amma yara sukan gaskata, har wani ya kasa fita tsakar gida shi kaɗai. To, mene ne asirin wannan?

Asirin shi ne, ba su ƙagi halitta su bar ta haka kawai ba. Sukan ba ta mazauni, da abinci, da iyali, da hali, sa'an nan su sa mata lago. Dubi Dodo. Yana da gashi buzu-buzu, naman mutum ne abincinsa, yana da gida, har yakan auri 'yar mutane. Amma duk ƙarfinsa karnuka ne ajalinsa. Gizo kuwa yana da tsamin baki, da haɗama, da mata tasa Ƙoƙi. Kome wayonsa, cikinsa ne ke kā da shi. Irin waɗannan tatsuniyoyi ne Frank Edgar ya tattara, aka buga su littafi uku daga 1911 zuwa 1913.

Da rubutun boko ya zo, sai gwanintar nan ta shiga takarda. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya isa har ƙasar aljannu, aka buga shi a 1934. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙon sararin samaniya, Kolin Koliyo. Watau dajin bayan ganuwa ya koma can cikin taurari.

Turawa ma hanyar nan suka bi. A 1898 wani Bature na Ingila, H. G. Wells, ya ba da labarin halittun duniyar Mars da suka kawo wa mutane yaƙi. Bindiga ba ta ƙare su ba, sai ƙwayoyin cuta na duniyarmu suka kashe su. Ashe su ma suna da karnukansu. A Amurka, a 1974, aka fito da wasan Dungeons & Dragons, a 1977 kuma Traveller, wanda ya ke na tafiya tsakanin taurari. Mutane kan zauna, ɗaya na jan labari, kowa ya ɗauki matsayin wata halitta ya yi magana da bakinta. Wasan ba ya armashi sai an san abin da halittar ke ci, da wanda ta ke girmamawa, da abin da ta ke tsoro.

Saboda haka duk mai son ƙaga baƙon wata duniya da harshen Hausa, ba lalle sai ya yi aro ba. Tsofaffin Ƙofar Kwaya sun riga sun bar masa gado. Sai dai tatsuniyar dare tana ja da baya, gadon da ba a kula da shi kuwa gara ke cinye shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.