Tarwada kaɗai ba ta isa shaida ba

Mu da ke nazarin halittun ruwa a Lafiya aron fannin binciken illar malalar mai muka yi daga mutanen bakin teku. Turawa sun farka ne a 1967, lokacin da jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a gaɓar Ingila, aka kuma gano cewa sinadaran da aka watsa don narkar da man sun fi man kansa kisa. Bayan hatsarin Exxon Valdez a Alaska a 1989 sai hankali ya koma kan ƙwai da sabbin ƙyanƙyasa. Ashe ɗan abin da ya narke a ruwa daga ɗanyen mai, wanda ido ba ya gani, ya isa ya lalata zuciyar kifi tun yana cikin ƙwai.

A Najeriya an samu mai a Oloibiri a 1956, rijiyar Funiwa ta yi aman mai a 1980, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya fito a 2011. Duk labarin Kudu ne.

Mu nan, ga yadda muka saba. Ɗalibin digiri na biyu zai samo ɗanyen mai, in ya gagara ya karɓo baƙin mai wajen bakanike, ya kaɗa shi da ruwa, ya tsiyaye na ƙasa, ya zuba wa 'ya'yan tarwada, ya ƙirga matattu har awa 96. Aiki ne mai kyau, amma tarwada kifi ce mai taurin rai, har iska take shaƙa in ruwa ya ɓaci. Mun zaɓe ta ne don tana da araha a gonakin kifi. Filankton, ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa waɗanda jariran kifi ke ci, ba kowa ke son taɓa su ba, domin tantance su a ƙarƙashin madubin ƙara girma sai mai haƙurin gaske, ga ɗalibi yana sauri ya kare kundinsa.

To, a Maris 2023 kamfanin NNPC ya fara haƙar rijiyar Ebenyi-A a ƙaramar hukumar Obi, maƙwabciyarmu. Shawarar da nake ba ɗalibai yanzu ita ce su ɗauki ragar filankton su bi kogin Mada da dam ɗin Doma da Binuwai, rani da damina, su rubuta abin da ke ciki tun ruwan yana lafiya. Ran da mai ya malala, masunci ba zai iya nuna asararsa a kotu ba sai da wannan lissafin.