Daga Mairuwa zuwa Dutsen Kwatarkwashi

Hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Mairuwa, Sheme, 'Yankara da Tsafe, kafin ta shiga Gusau sai ta bi ta gindin wani ƙaton dutse da ake hangowa tun daga nesa. Shi ne Dutsen Kwatarkwashi. Direbobin haya sun ɗauke shi alamar an kusa isa Gusau kawai, amma a tarihin wannan yanki da ake kira Katsinar Laka, ba ƙaramin wuri ba ne.

Tun kafin jihadi akwai mutane zaune a kan dutsen da cikin lungunansa, kuma ba don sha'awa suka hau ba. Doki ba ya iya hawa santsin dutse, ruwan damina yakan kwanta a kwarmi har ya kai mutane wani lokaci, mai gadi kuma yakan hango ƙurar mahara tun ba su iso gonaki ba. Ga kuma tsafi, domin wurin ya yi suna da bautar Magiro, har yau tsofaffi na ba da labarin bikin kamun maiki da samari kan hau dutsen su yi. A kudu kaɗan, kusa da Tsafe, akwai 'Yandoto, garin malamai da littattafai. Ita a fili take, kuma wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci ta. Bayan haka ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, wadda har gobe sarkinta ake kira Sarkin Katsinan Gusau.

Ƙarni na 19 bai bar yankin ya huta ba. Katsinawan Maraɗi da Gobirawa sun yi ta kawo hari kudu, don haka wanda ke da dutse ya riƙe dutsensa, wanda ba shi da shi ya gina ganuwa. Saukowar gaske sai bayan zuwan Turawa a 1903. Layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga ta zama kuɗi, kasuwa ta koma bakin hanya. Wa zai ci gaba da hawa dutse da tulu a ka alhali rijiya da tasha suna ƙasa? Abin da akan tarar a irin waɗannan kufai shi ne tsingaron tukwane, kashin tama, da ramukan niƙa da hannun mata ya sulɓe a jikin dutse.

Akwai abin da ya fi waɗannan tsufa a binne. A shekarun 1990 masu haƙa suka dira yankin Kwatarkwashi suna tono mutum-mutumin yumbu, dillalai na saye da araha suna fitarwa Turai. Ɓarnar ta kai ga a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa gumakan Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan da ta ce kada a saya. A ganina wannan asara ta fi rushewar gidajen kan dutse ciwo, domin abin da aka ciro ba tare da an rubuta inda yake kwance ba, ya rabu da labarinsa ke nan.

Mai son ganin kayan da sai ya nufi gidan tarihi na jiha a Gusau, ko na Katsina a tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Ziyarar dutsen kanta kuwa ta yi wuya tun da 'yan bindiga suka addabi hanyar, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020. A Yunin 2022 kuma Sarkin Kwatarkwashi, Alhaji Ahmad Umar, ya rasu bayan shekara 61 a kan gado, Allah ya ji ƙansa.

Tsararsa na ƙarewa. Ya kamata masarautu da malaman tarihi na jami'o'in Gusau da Katsina su zauna da dattawan da suka rage, daga Mairuwa har Kwatarkwashi, su naɗi abin da suka sani tun suna da rai.