Jadawalin Da Ke Ba Ka Ciwon Kai, Don Ɗalibai Aka Tsara Shi

Idan kana raba dare kana haddace jadawalin sinadarai saboda jarrabawar kemistiri, to ka sani ba don hadda aka yi shi ba.

A shekarar 1869, Dmitri Mendeleev yana koyarwa a Jami'ar St. Petersburg ta Rasha, yana kuma rubuta wa ɗalibansa littafin kemistiri. Sinadarai 63 aka sani a lokacin, kowanne da halinsa. Ta yaya ɗalibi zai riƙe su duka? Sai ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, ya ga halaye suna maimaituwa: sodiyam da fotasiyam dangi ne, haka kulorin da buromin.

Inda jerin bai cika ba, sai ya bar gurbi, har ya siffanta sinadarin da zai zauna a wurin tun ba a gan shi ba. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano galiyam, ya cike ɗaya daga cikin guraben. Sikandiyam ya biyo baya a 1879, jamaniyam a 1886, duk kusan yadda ya faɗa.

Ka gani ke nan, wanda ya gane tsari yana iya amsa tambayar da bai taɓa karantawa ba. Mai hadda kuwa, da an juya tambaya, shi ke nan.

Don haka gwada wannan: karanta yadda sodiyam ke yi a cikin ruwa, rufe littafin, rubuta abin da kake zaton fotasiyam zai yi da dalilinka, sannan ka duba. Inda ka kuskure, nan karatunka zai fara.