Tarihin yadda wuta ta tona asirin gishiri

Duk macen da ke girki ta taɓa ganin wanga abu: in miya ta tafasa ta zuba bisa wuta, sai harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa. Maƙerin da ke narka jan ƙarfe shi ma ya san wutarshi takan yi tsanwa. Daga wanga ƙaramin abu ne masana sunka samu hanyar gane abin da ke ɓoye cikin ƙasa, da ruwa, har da rana. Ga yadda abin ya faru.

A wurin masana, gishiri ba na miya kaɗai ba ne. Kanwa gishiri ce, abin da mata ke tacewa daga toka ma gishiri ne. Kuma kowane gishiri irin waɗannan shina da ƙarfen da ke cikinshi, ko da ido ba ya ganinshi.

A Turai, masu yin sabulu da gilashi suna aiki da iri biyu: ɗaya dangin kanwarmu, ɗaya na tokar itace. Dukansu farare ne, sun yi kama ƙwarai, har an daɗe ana ɗaukarsu abu guda. Wajen shekara ta 1758, wani masanin Jamus da ke Barlin, mai suna Marggraf, ya gwada su da wuta. Dangin kanwa ya ba da ruwan ɗorawa, na toka ya ba da shunayya. Cikin 1807, Humphry Davy na Ingila ya fitar da ƙarafan biyu da ƙarfin lantarki. Na kanwa da gishirin miya shi ne sodiyom, na toka shi ne potasiyom.

Amma ido shi kaɗai bai isa ba. Fitilun wancan zamani suna da nasu launi. Sodiyom kuma shina ko'ina, cikin ƙura, cikin zufar hannu, kuma kaɗan daga cikinshi ya isa ya rufe launin sauran. Ban da haka, ƙarafa biyu kan ba da launi guda: litiyom da sitironsiyom duk ja suke yi.

A garin Heidelberg na Jamus ne anka warware matsalar. Cikin 1855, Robert Bunsen da maƙerin jami'ar garin, Peter Desaga, sunka ƙera wani murhu mai gauraya gas da iska. Wutarshi na da zafi sosai, ga ta kusan ba ta da launi. Sai abokin Bunsen, Gustav Kirchhoff, ya ba da shawara a bi da hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku, wanda ke rarraba haske kamar bakan gizo. Cikin 1859 sunka yi haka. Sai ga kowane ƙarfe da zanenshi na haske, a wuri guda kullum, ba ya kaucewa. Kamar yadda ake gane Bagobiri da tsagar fuskarshi, haka sunka riƙa gane ƙarfe da zanenshi.

Cikin 1860, suna gwada ruwan wata maɓuɓɓuga ta garin Dürkheim, sai sunka ga zane biyu shuɗɗa waɗanda ba na kowane ƙarfe da anka sani ba ne. Bunsen ya sa anka ƙafar da ruwan, wajen tan 40, kafin ya samu ƴan giram na sabon gishirin. Sunka ba ƙarfen suna siziyom. Shekara ta zagayo, sunka gano rubidiyom cikin wani dutse, ta wurin jan zanenshi.

Daga nan sai rana. Cikin 1835, wani malamin Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da ke cikin taurari ba. Ba a yi shekara 30 ba Kirchhoff ya nuna akwai sodiyom da baƙin ƙarfe a cikin rana, don zanensu na nan cikin haskenta. Cikin 1868 anka ga wani baƙon zane ruwan ɗorawa a hasken rana. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon abu ne, anka raɗa mishi suna heliyom. Wasu ba su yarda ba. Sai cikin 1895 William Ramsay ya same shi nan duniya, cikin dutse mai iraniyom, irin ƙarfen nan na Arlit.

Aikin bai tsaya ga taurari ba. Daga wagga dabara ne anka ƙera na'urar da ke auna potasiyom cikin ƙasar noma, don a san takin da gona ke bukata.

Mai son ya gani da idonshi, ya barbaɗa ɗan gishiri bisa wutar gas da dare. Launin da zai tashi, shi ne wanda Marggraf ya gani.