KYAFTIN SILOKAM, WANDA YA FARA KEWAYE DUNIYA SHI KAƊAI A JIRGIN RUWA

Mutane sun daɗe suna shiga teku, amma larura ce ke kai su, ko fatauci, ko su, ko yaƙi. Shiga teku don nishaɗi kawai, wannan bai daɗe ƙwarai ba. Mutanen ƙasar Holan suna cikin waɗanda suka fara. Suna da waɗansu ƙananan jirage masu filafilai, masu sauri, waɗanda su ke bin 'yan fashin teku da su. Don haka suka sa musu suna mai ma'anar farauta a harshensu, daga wannan suna ne Turawan Ingila suka samo kalmar yot. Da attajiran Holan suka ga daɗin waɗannan jirage, sai suka riƙa shiga suna shan iska a cikinsu.

A shekarar 1660 mutanen Holan suka yi wa Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar irin wannan jirgi. Abin ya shiga ransa ƙwarai, har a 1661 suka yi tsere da ƙanensa a kogin Temis a kan fam 100. Abin da sarki ya so kuwa, fadawa ba su ƙinsa. A 1720 aka kafa ƙungiyar masu wasan jirgi a garin Kok na ƙasar Ailan. A 1851 wani jirgi ya zo daga Amurka ya cinye jiragen Ingila a tseren kewaya tsibirin Wait, ya tafi da kofin da har yanzu a ke takara a kansa.

Amma duk wannan harka ce ta sarakuna da masu dukiya. Jiragensu manya ne, ma'aikata ke tuƙa su, mai jirgi yana zaune yana kallo. Wanda ya nuna wa duniya talaka ma yana iya ƙetare teku a ƙaramin jirgi, shi kaɗai, wani matuƙi ne mai suna Joshuwa Silokam.

An haifi Silokam a 1844 a lardin Noba Sikoshiya na ƙasar Kanada. Ubansa baduku ne, takalma ya ke ɗinka wa masunta. Yaron ya ƙi sana'ar gida, yana da shekara 16 ya kama aikin jirgi. Ya yi ta hawa daga wannan matsayi zuwa wancan har ya zama kyaftin, ya tuƙa manyan jiragen fatauci zuwa ƙasar Sin da Ostareliya. A 1887 jirginsa na kansa ya fashe a gaɓar Birazil, dukiyarsa duka ta tafi. Sai ya sassaƙa wani ƙaramin jirgi mai tsawon ƙafa 35, ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa biyu, ya komo da su Amurka, tafiyar mil dubu biyar da 'yan kai. Ya tarar zamani ya sake. Jiragen tururi sun ƙwace ciniki, ba mai neman kyaftin ɗin jirgin iska. Ga shi gwani, ga shi ba aiki.

A 1892 wani abokinsa, Kyaftin Eben Pierce, ya ce zai ba shi jirgi kyauta. Da Silokam ya je garin Fairhaven sai ya iske wani tsohon jirgin kamun kawa an jingine shi a fili, duk ya ruɓe. Sunan jirgin Spray, watau feshin ruwa. Wani ne da sai ya ɗauka ba'a aka yi masa. Shi kuwa ya ɗauki gatari ya sare itacen oak a nan kusa, ya riƙa cire ruɓaɓɓen katako yana sa sabo, har jirgin ya koma sabo fil. Aikin ya ci masa wata 13, da dala 553 da 'yan kai. Tsawon jirgin ƙafa 36 da inci 9 ne, faɗinsa ƙafa 14 da inci 2. Ba shi da inji, iska kaɗai ke tura shi.

Ran 24 ga watan Afril, 1895, ya tashi daga Bostan, yana da shekara 51. Matuƙan teku a zamanin nan su kan riƙe wani agogo na musamman mai tsada don su san inda su ke tsakanin gabas da yamma. Nasa ya lalace, ba shi da kuɗin gyara, sai ya sayi agogon gwangwani na dala ɗaya. Ya dogara ga kamfas, da wani abin awo da a ke ja a bayan jirgi yana ƙidaya mil, da kuma awon tsayin rana da tsakar rana. Ya ƙetare Tekun Atalantika, ya ratsa ta tsibiran Azores, ya isa Jibralta a farkon watan Agusta.

Niyyarsa ya bi ta Bahar Rum da Bahar Maliya. Hafsoshin jiragen yaƙin Ingila suka gargaɗe shi, suka ce 'yan fashi ba za su ƙyale mutum ɗaya a ƙaramin jirgi ba. Bai yi gardama ba. Ya juya akalar tafiyarsa baki ɗaya, ya sake ƙetare Atalantika, ya yi kwana 40 kafin ya isa Birazil. Ko da hakanan sai da waɗansu 'yan fashi suka biyo shi a gaɓar Maroko. Iska mai ƙarfi ta karya jigon jirginsu, shi ya sa ya tsira.

A gaɓar Yurugwai ya matsa kusa da tudu ƙwarai, jirgin ya kafe a rairayi. Ya shiga ɗan kwalekwalensa don ya kai anka cikin ruwa mai zurfi, kwalekwalen ya kife da shi. Ashe duk shekarun da ya yi a teku bai iya iyo ba. Da ƙyar ya kama gefen kwalekwalen ya fita. Da ya isa birnin Buenos Aires sai ya rage tsawon jigon jirginsa da ƙafa 7, gama ya san irin iskar da ke jiransa a kudu.

A watan Fabrairu, 1896, ya shiga mashigin Majalan, can ƙarshen Amurka ta Kudu. Wuri ne mai sanyi, mai duwatsu, iska tana faɗowa daga kan tsaunuka ba zato ba tsammani. Mutanen wurin kuma sun sha wuya a hannun baƙi, ba su yarda da kowane baƙo ba. Wani matuƙi a garin Punta Arenas ya ba shi jakar ƙananan ƙusoshi. In zai kwanta sai ya barbaza su a bisa jirgi, kaifi yana sama. Wani dare mutane suka hau jirgin ba takalmi, suka taka, suka yi kururuwa suka faɗa ruwa. Ran 3 ga Maris ya fita zuwa Tekun Pasifik, amma hadari ya tare shi, ya yi kwana huɗu yana kora shi kudu maso gabas. Dole ya sake shiga mashigin ta wata ƙofa, ya maimaita tafiyar da ya riga ya yi. Sai ran 13 ga Afril ya rabu da wurin.

Daga tsibirin Juan Fernandez ya yi kwana 72 bai sa ƙafa a tudu ba, har ya kai Samowa. Ya zauna a Ostareliya wata da watanni. Guzurinsa kuwa a hanya ya ke nemansa. Ya sayar da kitsen da ya tsinta daga wani jirgi da ya fashe, ya riƙa tara mutane yana ba su labarin tafiyarsa suna biya. Abin da ya fi ba matuƙa mamaki shi ne yadda jirgin ke tuƙa kansa. In ya daidaita filafilai ya ɗaure matuƙi, sai jirgin ya miƙe, shi kuwa ya shiga ɗaki ya yi girki, ko karatu, ko barci. A Tekun Indiya ya yi mil 2,700 a kwana 23, amma riƙon matuƙin da ya yi da hannu duka bai wuce awa uku ba.

A watan Nuwamba, 1897, ya isa Durban a Afirka ta Kudu. Aka kai shi Piretoriya wurin Shugaba Kuruga na Tiransibal, aka ce ga mutumin da ke kewaya duniya. Kuruga kuwa ya gaskata duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, ya ce wannan ba shi yiwuwa, bai ƙara ce masa kome ba. A tsibirin Santa Helena aka yi masa kyautar akuya don ta ɗebe masa kewa. Akuyar ta cinye taswirarsa ta tsibiran Indiya ta Yamma, ta haɗa da malafarsa. Ya sauke ta a tsibiri na gaba, ya ratsa wannan yanki mai duwatsu ba taswira, da abin da ya riƙe a ka.

Ran 27 ga Yuni, 1898, da tsakar dare, ya jefa anka a Newport ta Amurka. Ya yi shekara uku da wata biyu da kwana biyu, ya ci mil fiye da 46,000. Mutane ba su kula da shi sosai ba, gama a lokacin Amurka tana yaƙi da Sifen. Sai da littafin tafiyarsa ya fito a 1900 sa'an nan sunansa ya cika duniya.

Waɗansu suka bi sawunsa. Francis Chichester ya kewaye duniya a 1966 zuwa 1967, ya tashi yana da shekara kusan 65, sau ɗaya kaɗai ya tsaya, a Sidni. A 1968 mutum tara suka shiga takarar kewayawa ba tsayawa ko ɗaya. Mutum ɗaya ne ya gama, Robin Knox-Johnston, bayan kwana 312, a jirgi mai tsawon ƙafa 32.

Akwai abubuwan da masu yawon teku suka koya daga wannan labari, har yau kuwa suna aiki da su. Na farko, ƙarfin jirgi ya fi girmansa da kyansa amfani. Jirgin da ya dace shi ne wanda mutanen da ke ciki za su iya sarrafa shi ko sun gaji, su kuma iya gyara shi da hannunsu, gama ba maƙeri ba kafinta a tsakiyar teku. Na biyu, a rage filafili tun hadari yana nesa. In iska ta riga ta sauka, naɗe shi ya kan gagari mutum ɗaya. Na uku, bakin gaɓa ya fi tsakiyar teku hatsari, don a nan duwatsu da rairayi su ke, a nan kuma Silokam ya kusa halaka. Na huɗu, a ji maganar mutanen wuri, a kuma jira lokacin da iska ta dace. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar kuwa da tsada aka koye shi. A watan Agusta, 1979, jirage 303 suka shiga tseren Fastnet tsakanin Ingila da Ailan. Hadari ya auka musu da dare, mutum 15 daga cikin masu tseren suka mutu. An gudu an bar jirage 24, amma biyar kaɗai suka nutse, sauran aka same su daga baya suna yawo a bisa ruwa. Waɗansu daga cikin mamatan a kwalekwalen roba na tsira suka hallaka, bayan sun bar jirgin da bai nutse ba. Tun daga nan a ke koya wa matuƙa kada su rabu da jirgi sai ya tabbata nutsewa ya ke yi, kowa kuma ya sa rigar da ke hana nutsewa, ya ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi in teku ta ɓaci.

Matuƙin yau yana da rediyo, da labarin yanayi, da na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam tana nuna masa inda ya ke. Duk da haka masu hankali ba su barin kamfas da taswirar takarda a gida, gama na'ura wuta ta ke ci, ruwan gishiri kuwa abokin gāban wuta ne.

Shi kansa Silokam bai riƙe darasin farko har ƙarshe ba. Ya sayi gona a wani tsibiri, amma zaman tudu bai karɓe shi ba. Da sanyi ya shigo sai ya shiga jirgi ya nufi ƙasashe masu zafi. Waɗanda suka ga Spray a shekarun nan sun ba da labari ya tsufa, ba ya kuma samun gyara irin na da. Bayan kamar shekara goma da komowarsa, a wani watan Nuwamba, ya sake tashi shi kaɗai ya nufi kudu. Ba a ƙara ganinsa ba, ba shi ba jirgin. A 1924 hukuma ta yanke cewa ya mutu.