Manchester City da 'Yan Jarida: Gabar da ta Girmi Kuɗin Mai

A shekarar 1904 Manchester City ta ɗauki Kofin FA, babban kofi na farko da ya shiga birnin Manchester. Murnar ba ta yi nisa ba. A wancan zamanin doka ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 4 a mako, ƙungiyoyi da yawa kuwa suna bi ta bayan fage suna ƙara wa yaransu. Da kyaftin ɗin City, Billy Meredith, ya faɗa cikin zargin ba da cin hanci, ya ga ƙungiyarsa ta juya masa baya, sai ya fasa ƙwai. A 1906 hukumar FA ta dakatar da 'yan wasa 17, ta haramta wa koci Tom Maley harkar ƙwallo. Meredith da Sandy Turnbull da wasu biyu suka tsallaka zuwa Manchester United, wadda ta ci gasar lig ɗinta ta farko da su a 1908.

Tsofaffin magoya bayan City ba su manta ba. Abin da suke cewa shi ne kowa ya ci, amma bakinsu kaɗai aka leƙa.

Bayan haka aka daɗe ba wanda ke tsoron City balle ya yi mata hassada. Ta yi zamaninta, har ta tara mutum 84,569 a filin Maine Road a 1934, ta kuma ci lig a 1937 da 1968, amma daga 1976 sai rijiya ta ƙafe. A Old Trafford, filin United, aka rataya ƙyalle mai ƙirga shekarun da City ta yi ba kofi, ana sauya lambar duk shekara har ta kai 35. A Mayun 1999, makon da United ta haɗa kofuna uku, City tana Wembley tana fama da Gillingham don ta fita daga rukuni na uku, kuma sai da Paul Dickov ya farke a mintin ƙarshe kafin ta tsira a bugun fenareti. Jaridu suna son City ta wancan lokacin, irin son da ake yi wa wawan gari.

Ranar 1 ga Satumba 2008 kamfanin Sheikh Mansur na Abu Dhabi ya sayi ƙungiyar, kuma kafin dare ya raba an ɗauko Robinho daga Real Madrid a kan fam miliyan 32.5. Daga nan harshe ya sauya. Da City ta ɗauke Carlos Tevez bayan ya bar United a 2009 ta kafa allon tallansa a tsakiyar gari, kocin United na lokacin Alex Ferguson ya kira ta maƙwabciya mai surutu, jaridu suka rungumi kalmar. Aka ce 'yan wasanta sojojin haya ne, ba ta da tarihi, kujerun filin Etihad ba kowa a kansu. Ko ƙwallon Sergio Aguero a ragar QPR a 2012, wadda ta kawo lig bayan shekara 44, ba ta hana a ce sayen kofin aka yi ba. Zolayar ta iso har gidajen kallon ƙwallo na Kano da Kaduna, inda tambayar farko ga mai rigar shuɗi ita ce yaushe ya fara goyon baya.

Ba a kan City aka fara ba. An laƙaba wa Arsenal ta shekarun 1930 da Sunderland ta shekarun 1950 sunan Babban Bankin Ingila. Blackburn ta Jack Walker ta sha nata a 1995, Chelsea ta Roman Abramovich ta sha daga 2003. Abin lura shi ne United da Liverpool sun daɗe suna zuba kuɗi a kasuwar 'yan wasa ba tare da an sa musu suna ba. Sabon attajiri ake tambaya inda ya samo.

A nan ƙorafin magoya baya yake da ƙarfi. Su dubi masu sharhi a talabijin, su ga Gary Neville da Roy Keane na United, Jamie Carragher da Graeme Souness na Liverpool, nasu kuwa sai Micah Richards daga baya. Gidajen jarida sun san labarin United ko Liverpool ya fi jawo masu karatu. A Mayun 2022, ana tsakiyar tseren lig, kocin City Pep Guardiola da kansa ya ce ƙasar duka Liverpool take goya wa baya, har da 'yan jarida. Raheem Sterling kuwa, ɗan wasan City a lokacin, ya kawo hujja mai nauyi a Disambar 2018, ko da yake tasa ta launin fata ce: ya jera a Instagram yadda aka ba da labarin matasan City biyu, Phil Foden da Tosin Adarabioyo ɗan asalin Najeriya, da kowannensu ya sayi gida mai tsada. Aka nuna farin a matsayin ɗa mai kula da uwa, baƙin kuma yaro mai facaka tun bai fara buga lig ba.

Sai dai laifi tudu ne. Ba 'yan jarida suka rubuta wasiƙun cikin gida na City da mujallar Der Spiegel ta Jamus ta fallasa a Nuwamban 2018 ba, waɗanda aka ce sun nuna an kumbura kuɗin tallafin kamfanoni. A kansu UEFA ta kori City daga gasar Turai na shekara biyu a Fabrairun 2020. A watan Yuli kotun wasanni ta CAS ta soke korar, ta rage tarar daga yuro miliyan 30 zuwa 10. Magoya baya suka ce an wanke su tas. Hukuncin bai kai nan ba: wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu wa'adinsu ya wuce, tarar kuma ta ƙin ba masu bincike haɗin kai ce. Haka nan tambayar da ƙungiyoyi irin Amnesty ke yi kan haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar Sheikh Mansur, ba hassada ba ce, ko da magoya baya sun ce hassada ga mai rabo taki.

Abin dariyar shi ne ɗaya ɓangaren ma kukan son kai yake yi. A Fabrairun 2023 hukumar Firimiya ta tuhumi City da karya dokokin kuɗi sau 115, zargin da ƙungiyar ta musanta. Kafin a fara sauraren shari'ar a Satumban 2024, an riga an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki kan laifuffukan da ba su kai wannan yawa ba, City kuwa ta haɗa kofuna uku a 2023, ta ci lig na huɗu a jere a 2024. Magoya bayan Everton suka cika Goodison Park da kwalaye suna zargin hukumar da rashawa, wasu kuma suka ce 'yan jarida sun shagala da yabon Guardiola.

A Etihad kuwa, duk daren da aka sa taken gasar Zakarun Turai, ihu ake yi masa don nuna fushi ga UEFA. UEFA ta buɗe bincike kan ihun a 2015 bayan wasa da Sevilla, aka yi mata dariya, ta janye. A 2023 City ta ɗauki kofin a Istanbul, kuma a daren ma sai da aka yi wa taken ihu.