Sa Ido a Kan Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya: Ina Ikon Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda Ya Tsaya?

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2023, domin gano yadda ake sa wa rundunar 'yan sanda ido. Binciken ya nuna cewa ikon hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi yana ƙarewa ne daidai ƙofar ofishin Sufeto Janar, wato inda aka fi buƙatarsa.

Gabatarwa

Kafin mulkin soja, 'yan doka na En'e ne ke riƙe da tsaron garuruwan Arewa, kuma an sha zargin ana amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa irin su magoya bayan jam'iyyar NEPU. Gwamnatin Gowon ce ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Sashe na 214 na Kundin 1999 ya tabbatar da wannan tsari, ya hana kafa wata runduna ban da guda ɗaya. An rufe ƙofar zaluncin sarakuna da 'yan siyasar jiha, amma sai iko ya tattaru a hannu ɗaya.

Tsarin Iko

Sashe na 215 ya bai wa shugaban ƙasa ikon naɗa Sufeto Janar bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, wadda shi ne shugabanta. Gwamna na iya bai wa kwamishinan jiharsa umarni, shi kuwa kwamishina na iya neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar.

Ita Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda dokar 2001 ta fayyace aikinta, tana da ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. Ko wannan ikon ma sai da ta yi shari'a a kansa. A 2019 rundunar ta shiga ɗaukar kurata 10,000 da kanta, hukumar ta kai ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta gaskiya a 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2023. Shekara huɗu ke nan ana jayayya a kan abin da Kundi ya riga ya rubuta ƙarara.

Wani abin lura shi ne waɗanda ake bai wa shugabancin hukumar. Mike Okiro, da Musiliu Smith, da Solomon Arase duk tsofaffin Sufetoci Janar ne. Parry Osayande da Hashimu Argungu kuwa mataimakan Sufeto Janar ne masu ritaya. Ana iya cewa sun san ciki da wajen aikin, kuma gaskiya ne. Sai dai a ra'ayin wannan maƙala, wanda ya ci tuwo da mutane shekara talatin ba shi ne ya dace ya yi musu alƙalanci ba.

Batun wa'adi ya ƙara fito da matsalar fili. Dokar 2020 ta bai wa Sufeto Janar shekara huɗu, amma kuma ta ce kowane jami'i ya yi ritaya in ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. Ana dab da Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, zai cika 60 a 2024, Majalisar Tarayya ta gyara dokar domin ya ci gaba.

Bindiga da Hisabi

Umarnin Runduna na 237, wanda ya tsara amfani da bindiga, an sabunta shi a 2019. Rubutu daban, hukunci daban. A 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, biyar 'yan kasuwar Apo da mace ɗaya, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da shugaba Obasanjo ya kafa ne ya tona asirin, ba wata hukumar sa ido ba, kuma sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa. Rushe sashen yaƙi da fashi na SARS a ranar 11 ga Oktoba, 2020 ma zanga-zangar matasa ce ta tilasta shi.

Ƙananan jami'ai su ma ba su da bakin magana, domin Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta hana su kafa ƙungiya. Da suka tafi yajin aiki a Fabrairun 2002 kan albashi da alawus, sai aka kira abin bore. Bayan 'yan makonni aka sauke Musiliu Smith daga muƙamin Sufeto Janar, wanda daga baya, a 2018, aka naɗa shi shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda.